Dattijon da Aka Ƙaryata

A ɗakin jiran likitan ido, malamar makaranta ta kasa ɗauke kai daga dattijon da ke gefenta. Tabarau biyu ya ɗora, ɗaya kan ɗaya, wayarsa dab da hancinsa. Rigarsa a goge take tsaf, sai dai bakin aljihun duk tawada. Yana karatu leɓɓansa na motsi, can sai ya buga cinya.

"An ƙaryata ni, 'yata!" in ji shi, fuska cike da fara'a.

"A ina, Baba?"

"A zauren masana kimiyya na intanet. Na ce musu zafin rana ne ke juya duniya. Ko'ina na rubuta, gogewa ake yi. Amma a nan wata baiwar Allah ta bi lissafina layi-layi, har ta gano inda na zame."

Malamar tana hasko shi a gida, shekara da shekaru 'ya'yansa na cewa "haka ne, Baba," idanunsu na kan talabijin.

An kira shi. Ya ɗaga hannu a ɗan jira, yana rubutu da yatsa ɗaya: "Na gode. To, ga wata tambayar."