Rigunan Da Na Shanya A Kan Ciyawa

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina kwaleji, kuma duk layinmu a unguwar Yantala ta Yamai babu wadda ta kai ni tsokana da rawar kai. Mama takan ce ko a masallaci aka ajiye ni sai na samu wanda zan ja da faɗa. Amma yau ba dariya ta sa na rubuto muku ba. Shekara biyu ke nan abin yana cin raina, gara in faɗa ko wata ta tsira.

A babban hutun shekarar Baba ya ce za mu Togo gaida ƙanensa, Tonton, wanda yake kasuwanci a wani gari a gindin duwatsu, tsakiyar kurmi. Matarsa, Tanti, ta kira Mama a waya ta jaddada mata a zo da tufafi masu yawa, musamman na yara, domin damina ce kuma a can wanki yakan kwana uku bai bushe ba. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da na tashi a Yamai, inda in kin shanya zane kika juya ɗauko na biyu, na farkon ya bushe yana ƙara kamar kilishi? Na ce Tanti dai ta iya ƙarin gishiri.

Akwati ɗaya aka ba mu ni da ƙanwata, ƴar shekara huɗu. Mama ta ninke mata riguna goma sha biyu da hannunta, ta ce in zuba nawa in rufe. Tana shiga madafa na zare takwas na cusa ƙarƙashin katifa. A gurbinsu na danna takalmana masu tsini, da leshin sallah, da mayafi kala huɗu, don in yi hotunan da za su hana ƴan ajinmu barci. Sai da na hau akwatin na zauna kafin ya rufu.

Da muka isa na ga abin da ban taɓa gani ba. Duwatsu sun shige cikin gajimare, itatuwa kuwa in kin ɗaga kai neman ƙarshensu sai ɗankwalinki ya faɗi. Ruwa safe da yamma. Ƙanwata ta ga taɓo kamar ta ga aljanna, cikin kwana biyu ta gama da rigunanta huɗu. Dokar gidan ita ce duk wanki a hannun Tanti yake, a kan igiya cikin baranda take shanyawa, sannan ta goge komai, har ɗan kamfai. Ta taɓa yi mana bayanin wani ƙuda, amma ina can ina gyara mayafi a madubi. Na ma raɗa wa Mama cewa watarana Tanti za ta kama kyanwar gidan ta goge.

In na kai mata wankin, za ta tambayi ina sauran, asirina ya tonu. Don haka da rana ta ɗan leƙo na wanke rigunan a ɓoye, na baza su a kan ciyawa bayan gida. Da ɗan damshinsu na riƙa saka wa yarinyar, ina yabon kaina da wayo.

Bayan ƴan kwanaki ƙuraje suka fito mata a baya, jajaye, masu tauri. Mama ta ce sauro ne. Sai suka kumbura, yarinya ta daina wasa, tana kuka tana cewa wani abu yana cizonta daga ciki. Wata safiya Mama tana yi mata wanka muka ji kwano ya faɗi. Na ruga, na tarar ta daskare tana nuna bakin ƙurjin da yatsa. Wani farin abu ne yake leƙowa yana komawa. Mama ta kama salati, tana haɗa Zabarmanci da Hausa ba ta sani ba. Tanti ta ce ta san ciwon, amma ta rantse ba a gidanta aka same shi ba, tunda ko tsumma bai tsallake gugarta ba. Wannan rantsuwar ta ƙara firgita Mama, ta fara zancen iskokin kurmi. Ni kuwa na riga na ga likkafani, na ga kaina ina komawa Yamai ba ƙanwa.

A ɗakin shan magani wata dattijuwar malamar asibiti ta duba ta ce tsutsar ƙuda ce. Yana ƙwai a rigar da aka shanya a ƙasa, in ba a goge ba ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shige fata. Ta ce ciro waɗannan ba wuya, amma in ba a gano tufafin ba, wasu za su yi ta shiga. Na dubi rigar da ke jikin ƙanwata. Ɗaya ce daga cikinsu, ni na saka mata da safen. Nan bakina ya buɗe da kansa, na faɗi komai, tun daga katifa har ciyawa.

Na jira mari, bai zo ba. Tanti ta ce to, ga ƴar birni mai takalmi ta zo koya musu wanki. Baba bai ko ɗaga murya ba, ya ce kawai ni zan riƙe ƙanwata a ciro mata tsutsotsin. Aka toshe bakin ƙurajen da man basilin, tsutsotsin suka rasa iska suka fara fitowa, malamar tana matsewa. Guda bakwai, ƙosassu. Yarinyar ta ƙanƙame wuyana tana cewa Yaya ki ce su bari, Yaya ki cece ni. Ni da na jawo mata, ni take kira. Wallahi da bulala ɗari aka yi mini da ta fi sauƙi.

Ta warke, alhamdu lillahi, amma tabon yana nan, kuma ni nake yi mata wanka kullum, ina gani. Abin da na koya shi ne ranar garinku ba ita ce ranar ko'ina ba, kuma in mutanen wuri suna yin abin da ya ba ki dariya, ki tambayi dalili kafin ki washe baki. Ƴan uwana ƴan mata, kar ku rage abin da uwa ta zuba a akwati. In kuma kun riga kun yi, ku faɗa tun ana iya gyarawa da faɗa kawai. Ni na ɓoye don gudun zagi, sai aka biya da fatar wadda ba ta san komai ba.