Ɗiyar Maƙwabcina

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zai kwashe ranar da zafi ya kora ni ɗakin karatu na gwamnati a Talata Mafara ba. Lokacin ana tsakar aikin dam ɗin Bakolori, gari ya cika da leburori da direbobi, mu mahauta kafin azahar mun sayar da nama tas. Wallahi ba karatu ya kai ni ba, fanka na bi. Bokon nawa aji uku ne, shi ma da bulala.

Ina da ɗiya ta fari da shan-inna ya taɓa wa ƙafa ɗaya. Sa'o'inta sun fara zuwa makarantar allo, ita tana rarrafowa bakin zaure tana kallonsu. Abin yana cin raina ƙwarai. To amma ɗiyar fari ce. A wurinmu ba ka faɗin sunanta, ba ka ɗaukar ta gaban mutane, balle ka bi gari kana cigiyar magani kamar kanka aka fara haihuwa. Tsohuwata ke da magana a kanta, ita kuwa ta ce a bar wa Allah.

Ina zaune ƙarƙashin fanka, na jawo wani littafi don kada a ce ga mahauci ya zo barci. Turanci ne, ban gane ko alif ba. Sai ga zanen wata yarinya tsaye tsakanin sanduna biyu, ta dafa su, ƙafarta siririya kamar ta ɗiyata. Na ɗauki littafin na miƙe.

Na je wurin mai kula da ɗakin, wani dattijo mai tabarau. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, kasuwa, har gaisuwa ta ƙare ban sami bakin magana ba. Can na ce, "Malam, wani maƙwabcina na da ɗiya irin wagga."

Ya ce, "Allah sarki, maƙwabci." Ya zauna ya fassara min dalla-dalla: yadda ake kafa sandunan, yadda ake miƙe ƙafar kullum a hankali don kada ta ƙage, da cewa a kai ta asibiti a duba. Sannan ya ce, "Amma sai an san tsawonta zuwa ƙugu. Je ka tambayo maƙwabcin."

Ai kafin ya rufe baki na sa hannu a cinyata na ce, "Nan ƙugunta yake."

Dattijon ya sauke tabarau ya dube ni. "Kai, wanga maƙwabci ya yi sa'ar maƙwabci!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ba ni aron littafin.

Kafa gwafa ba baƙon aiki ba ne ga mai rataye nama. Na kafa su a tsakar gida, na ɗora gora biyu. Tsohuwata ta ce, "Mi za a shanya nan kuma?" Uwar yarinyar ta karɓi aikin miƙe ƙafa. Duk ranar Talata in an tashi kasuwa ina komawa, dattijon ya tare ni da, "Ya jikin ɗiyar maƙwabci?"

An girbe shinkafa, an shuka alkama, sai wata safiya na shigo na tarar da ita tsaye, ta kama gora, tana ɗingishi tana nufo ni. Ban san sanda na ƙwala kiran sunanta ba, a gaban kowa, na sure ta sama. Tsohuwata ta ce, "Marar kunya!" Amma bakin zanenta take share ido da shi.

Kafin damina ta tafi makaranta da sanda ɗaya, allo a hammata.

Abin da na koya shi ne, uban yaro mai lalura yana yawo da tambayoyin da ba ya iya yi wa dangi. Ɗakin karatu ne wurin da na yi tawa tambayar ba wanda ya tone ni. Dattijon nan har ya bar duniya bai taɓa ce min "ɗiyarka" ba, Allah ya jiƙansa.