Gashin Karen Surukina

Shekarun baya kaɗan, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ina zaune a gidan iyayen mijina kusa da Madakiya. Shi yana aikin reluwe a Kafanchan, sai Asabar yake zuwa. Ɗana ya fara rarrafe ke nan, ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar karnukan farautar surukina. Ko tuwo nake tuƙawa, idona yana kansu. Har dariya ake yi mini a gida, wai ni kaɗai na taɓa haihuwa.

Tsoron nan ne ya sa na riga kowa lura da wani jan kare a cikinsu. Ya daina kusantar kaskon ruwansa, miyau na dalala, yana gatsar gindin turmi. Na gaya wa uwar mijina, ta ce zafi ne kawai. Ana haka 'yar maƙwabciyarmu mai daddawa ta shigo kawo mana aike, ya cije ta a ƙafa.

Ranar nan surukina ya ja shi bayan rumbu, ya kashe, ya binne. Sannan ya tara mu.

"Duk wanda ya tambaya, kare ya bi mafarauta Kauru. In dagaci ya ji, sauran ma kashe su za a yi. Da me zan shiga daji?"

A wajenmu in kare ya ciji mutum, wurin mai shi ake zuwa a karɓi gashinsa, a ƙona, a shafa tokar a ciwon. Washegari maƙwabciya ta zo karɓa. Ina kallo surukina ya zaga ya yanko na wani karen, mai lafiya.

Ta karɓa ta ce, "Baba, lafiyarsa ƙalau dai ko?"

"Ƙalau. Wasa ne ya yi masa yawa."

Ta durƙusa ta yi godiya, har ta tsaya ta yi wa ɗana wasa kafin ta fita.

Daga nan komai na taɓa sai ya lalace. Miya ba gishiri, tuwo ya ƙone. Na ce bari in jira mijina. Da ya zo na faɗa masa, sai ya sunkuyar da kai.

"Maganar Baba ce. Ke yaushe kika zo gidan nan?"

Na bar maganar a nan. Su suke ciyar da ni, kuma Baban nan shi ya biya mini kuɗin mota lokacin da mahaifiyata ta kwanta.

Ranar Lahadi kafin sujada a coci na gangara rafi, na tarar da maƙwabciyar. Yarinyar tana zaune kan dutse, ƙafa duk baƙar toka, tana waƙa.

"Amarya, kin ga ciwon har ya fara bushewa?"

Na ji ɗana yana motsi a bayana. Na ce, "Mama, gashin nan ba nasa ba ne. Jan karen yana binne bayan rumbunmu. Haukacewa ya yi."

Ta bar tulunta a nan, ta goya wannan ƙatuwar yarinya, ta nufi bakin hanya neman motar Kafanchan. Allurai aka yi ta yi mata a ciki, ta yi kuka har ta gaji, amma ta rayu. Yanzu ita ke ɗaukar mini ƙanwar ɗana.

Karnukan kuwa an kashe su duka. Surukina bai ƙara taɓa abincina ba sai bayan haƙar citta. Mijina bai zage ni ba, bai kuma tare mini ba. Baba bai sake shiga daji ba. Wani lokaci yana zaune a gindin mangwaro zai manta ya yi fito, ba abin da ke zuwa. Ban yi nadama ba, amma ban taɓa jin daɗin abin ba.

Iyaye 'yan'uwana, in kare ya ciji ɗanku, kada ku tsaya kan gashi. Ku ce a nuna muku karen, ku kai yaron asibiti ranar. In kuma naku ne ya yi cizon, don Allah ku faɗi gaskiyar halin da yake ciki.