Turmin da Bai Taɓa Ganin Gyaɗa Ba

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ba ta fi tsawon turmi ba, wani abu ya same mu wanda har yau in na ji ƙamshin gyaɗa ana soyawa sai in tsaya cak a hanya kamar an kira sunana.

Mahaifiyata ƴar Maraɗi ce. Aure ya kawo ta Yamai, ta zauna a unguwar Bukoki, kuma tun kafin a haife ni take sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A cikin wannan ƙamshi na tashi. In na rufe ido ina ganin tsakar gidanmu da la'asar, rana ta karkata, hayaƙi yana tashi a hankali daga murhu, Inna tana sheƙar soyayyar gyaɗa a faifai. Jajayen ɓawon nan marasa nauyi sai su yi ta yawo cikin haske, su sauka a ɗankwalinta, su sauka a girarta, har a bayan akuyar maƙwabta. Ni kuwa ina bakin ƙofa, baki buɗe, ina kallo, har sai ta ce, "Ke, mi kike gani a sama? Taho ki kama mini muciya." Tun ina yarinya nake tafiya duniyar tunani ina zaune, kuma har yanzu ban warke ba.

Da na yi aure muka tare a unguwar Banifandu, na haifi mace, aka sa mata sunan Inna. Don haka ni bakina ba ya iya kiran sunan, Mamana nake ce mata. Inna kuwa takwara take kiranta. Kowace Asabar sai mu shiga taksi mu tafi Bukoki, kuma tun daga bakin lungu yarinyar take zame hannunta daga nawa ta ruga. Takan faɗa jikin Inna ta cusa hanci a zanenta, su yi ta tsokanar juna, wannan ta ce ita ce mai sunan ta gaskiya, waccan ta ce aro aka ba ta. In mun dawo gida nakan ga ƴan ƙuraje a wuyanta, in ce zafin Yamai ne, in shafa mata hoda.

Wata Asabar Inna ta tsamo ƙuli daga kasko, ta hura ya huce, ta gutsura ta sa mata a baki. Ba a jima ba na ga leɓen yarinyar ya kumbura, idanunta suna rufewa, numfashinta yana fita da wani ɗan fito siriri. Ban san yadda na fita titi ba takalmi ba. Na dai tuna mai taksin yana danna oda ba ƙaƙƙautawa, Inna tana gefena tana salati, hannunta duk mai, ta ɗaga shi sama don kada ta taɓa yarinyar. A asibiti aka yi mata allura, aka sa mata iska, a hankali numfashin ya dawo. Likita ya ce jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ko kaɗan, ko gurbinta, kuma in aka sake, abin zai iya fin haka muni.

Inna ta dube shi ta ce, "Gyaɗa, lokotoro? Gyaɗar da na raini ɗiyana da ita?"

Ya ce, "Ita fa, Hajiya."

Sai a lokacin na gane ashe garin nan a kan gyaɗa yake zaune. Kopto, kwaɗon zogalen nan da Zabarmawa suka koya mana, da ita ake haɗa shi. Kilishi da ita ake shafe shi. Yajin tsire, miyar taushe, kunun safe, man da ake soya ƙosai a bakin titi, duk inda na juya tana nan tana jirana. Tsoro ya kama ni, ni kuwa in tsoro ya kama ni ba na yin rabi. Na kori duk wani abu mai ɓawo ko ƙwallo daga gidana. Aya, kanju, kwakwa, riɗi, goriba, har goron da maigidana yake ajiye wa baƙi na ce a fitar. Wata rana ya same ni ina hararar ƙwallon dabino, ya ce, "Madam, shi kuma wannan me ya yi?" Na ce ban sani ba tukuna, amma fuskarsa ba ta yi mini ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne gidan Inna. Sau ɗaya muka gwada komawa, yarinyar ba ta ci komai ba, a tabarma kawai ta zauna ta murza ido, fuskar ta tashi. A gidan nan mai ya shiga ko'ina, ya shiga itacen ƙofa, ya shiga kujerar tsuguno, ya shiga ƙasar tsakar gida. Daga ranar Asabar ɗinmu ta mutu.

Sai Inna ta koma ita ke zuwa. Takan yi wanka da sabulu har fatarta ta yi fari, ta sa kayan da ta ware a leda don wannan tafiya kaɗai, ta zo hannu rabbana. Matar da ba ta taɓa shiga gidan kowa ba ƙullin wani abu a gefen zane ba. Ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, hannuwa a cinya, in yarinyar ta matso sai ta dube ni tukuna. Ranar farko ɗiyata ta cusa hanci a zanenta kamar yadda ta saba, ta ɗago ta ce, "Kaka, ba ki ƙamshin Kaka."

Inna ta yi dariya ta ce ai sabuwa aka sayo. Amma na ga yadda ta juya fuska wajen taga. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A hankali yarinyar ta daina rugawa in ta ji sallamarta, takan gaishe ta da ladabi ta koma wasanta. Inna ma ta fara ja baya, yau ƙafa, gobe aiki ya yi yawa. Ina kallo suna zama baƙin juna, kuma ban san inda zan kama ba.

Bayan wasu watanni aka haɗa mu da wata likita da ta ƙware a irin wannan ciwo. Ni da hankalina sai na ɗebi duk waɗanda nake zargi na zuba a jaka, na juye mata su a kan tebur. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce a wurin mai girki duk abin da ke da ɓawo mai tauri da ƙwaya mai maiƙo dangi ɗaya ne, tunda duk soyawa ake a daka. Amma a wurin masana tsirrai ba haka zancen yake ba. Ta ɗauki gyaɗa daga wata kwalba tata ta ce wannan ƴar'uwar wake ce da gujiya, a cikin kwanso take kamar su, sai dai ita in ta yi fure a sama takan sunkuyar da kai ta binne ƴaƴanta a ƙasa. Kanju iri ne da ke rataye a ƙarƙashin ɗan itacensa. Kwakwa kuwa tsarinta irin na mangwaro ne, ƙwallo a cikin nama, illa nata naman zare ne. Waɗanda su masanan suke ware wa suna na musamman, masu ɓawon da ba ya buɗewa da kansa da ƙwaya ɗaya tal a ciki, yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, ba ma cika ganinsu a kasuwarmu ba.

Tana magana ni kuwa na tafi duniyar tunani. Sai ga ni a wani gidan biki, wake da gujiya sun sha anko suna karɓar baƙi, gyaɗa amarya tana sunkuye, kanju yana leƙe daga saman katanga. Muryar likitar ce ta dawo da ni, tana juya ƙwayar aya a tafin hannu.

"Wannan kuwa ba ma iri ba ce. Kumburi ne a jijiyar wata ciyawa, kamar yadda dankali yake. Ba ta haɗa komai da gyaɗa ba sai zama a faifan mai talla."

Duk da haka ba ta yarda da baki kawai ba. Ta ɗiga wasu ruwaye a hannun yarinyar ta ɗan tsaga fatar, muka zauna jira. Wurin gyaɗa ya tashi, wurin kanju ma ya ɗan yi ja, na aya kuwa shiru. Ta sa aka ba yarinyar aya kaɗan ta ci a gabanta, muka ƙara zama har rana ta yi tsaka. Babu abin da ya faru, sai ma ƙari da ta nema.

Daga asibitin na kai yarinyar gida na wuce Bukoki. Na tarar da Inna tana matse tunkuza, mai yana bin yatsunta. Na faɗa mata likita ta ce takwara za ta iya cin aya. Ta ce, "Aya ai tamu ce. Rabin gonar babana aya ce. Da dakuwarta munka girma." Fuskarta ta yi haske, sai kuma ta dubi tsohon turminta, wanda ya yi baƙi yana ƙyalli saboda man da ya sha tun kafin a haife ni. Ta ce, "To, a wane turmi?"

Na ce ai ba komai, ta zo gidana ta daka a nawa. Ta ci gaba da matsa.

An ɗan kwana biyu ban ji ɗuriyarta ba, sai ta kira ni ta ce Asabar mu taho da takwara. Na ce Inna kin san ba zai yiwu ba. Ta ce to in taho ni kaɗai in gani. Da na shiga lungun sai na ji wani abu ya ɓace, na kasa gane ko mene ne, har na kai ƙofa. Ƙamshin ne babu. Tsakar gida an kwashe ƙasar an zuba sabon yashi, bango ya sha farar ƙasa, tabarmi sababbi, ƙofar ma an canza ta. Babu kasko, babu muciya, babu garwar mai. Duk ta ba wata mata a unguwar Yantala da ta taɓa koyon sana'ar a hannunta, har da tsohon turmin. A tsakiyar gida ga wani sabon turmi fari tas daga kasuwar Katako, ta riga ta daka dusa a ciki don ɗacin itacen ya fita. Ina tsaye wata mata ta yi sallama da kwalba a hannu, Inna ta ce mata ta daina, ta kwatanta mata gidan Yantala.

Na ce, "Inna, sana'arki fa? Wa ya ce ki yi haka?"

Ta ce, "Ku na yi wa ita, kun girma. Ki bar kuka ki tahi ki ɗauko mini yarinya."

Na ɗauko ta, maganinta yana cikin jakata, hannuna yana kan jakar. Inna ta riga ta tsince ayar, ƙananan nan na Maraɗi, ta fitar da tsakuwa, ta wanke, ta soya a sabon kasko. Ta daka ta tankaɗe, ta zuba sukari da ƴar citta, ta koma dakawa. Sautin sabon turmi daban ne, yana da wata ƙara mai sauƙi, kamar bai saba da aikin ba. A hankali garin ya fara yin duhu, mansa ya fito, ya haɗe. Ta dunƙula ƙarama ta miƙa, sai hannun ya tsaya a iska, ta dube ni. Na gyaɗa kai.

Yarinyar ta karɓa ta ci. Ni leɓenta nake kallo, Inna ƙirjinta take kallo, ita kuwa turmin take leƙe. Ta ce, "Kaka, saura." Inna ta ce wace irin takwara ce wannan mai haɗama, za ta ɓata mata suna a unguwa. Aka ƙara mata. Can sai ta hau cinyar Inna da kanta, hannu duk danƙo, ta yi ta surutu har barci ya ɗauke ta. Inna ba ta motsa ba har aka kira la'asar, ƙafarta ta yi sanyi, ta ce a bar ta haka.

Yanzu Mamana ta shiga kwaleji, ta fi ni tsawo, ta san abin da za ta tambaya kafin ta ci abincin kowa. Ita da gyaɗa dai har yau ba su shirya ba. Ni abin da ya zauna mini shi ne, da tsorona na rufe ƙofofi da yawa waɗanda ba su da laifi, kuma sanin dangin tsirrai ne ya buɗe mini ɗaya. Amma ilimi iyakarsa ya ce ga abin da za a ci. Wanda zai share gida ya rabu da abin da ya iya duk rayuwarsa, wannan ba a asibiti ake samunsa ba. Na daɗe ina jin nauyin abin, domin ban roƙe ta ba, kuma ba ni da abin da zan mayar mata.

Kwanan baya na same ta tana tsintar aya a faifai, idon ya rage, da yatsa take gane tsakuwa. Na ce, "Inna, tsakani da Allah, kina kewar ƙulin nan?"

Ta ce, "Kullum. Wani lokaci ina zaune sai in ga hannuna yana matsar tunkuza shi kaɗai."

Ta jefar da tsakuwa gefe ta ce, "Amma ita gyaɗa, duk shekarun da na yi da ita, ba ta taɓa ce mini Kaka ba. Miƙo mini rariya, takwara na hanya."