Ranar da Wuyana Ya Karkace

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, akwai wata safiya da ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina sayar da atamfa a unguwar Zongo ta Wagadugu, sai ciwo ya same ni. Nakan ji muryoyi suna zagina alhali ba kowa a ɗakin, har na daina fita. Maigidana ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka rubuta mini ƙwayoyi. Da na fara sha, muryoyin suka soma ja da baya.

Ran nan ina dama koko, sai wuyana ya karkace ya ƙi dawowa. Idanuna suka kafe sama, harshe ya fito. Hankalina garau, ina jin kowa, amma ba abin da nake gani sai kwanon rufi. A ranar na gano inda yake mana yoyo da damina.

Surukata, da muke gida ɗaya, ta leƙo ta ce, "Ai na faɗa. Mutanen ɓoye ba sa son maganin nasara, ga shi sun zo da kansu." Ta kwashi ƙwayoyin ta nufi masai.

Maigidana ya tare ta. "Inna, ba ni su. Wanda ya rubuta ya fara gani tukuna."

Ban taɓa jin ya musa wa mahaifiyarsa ba sai ranar. Ya ɗora ni a moto, wato babur, ya ɗaure ni da zane a bayansa kamar goyo. Muka ratsa Wagadugu ina kallon sama. Da muka tsaya a jar wuta, wani dattijo ya zaci addu'a nake, ya ce amin.

Likitan ya dubi kwalin maganin, ya dube ni, ya ce, "Madam, aikin maganin ne, yakan yi wa wasu haka. Kun kyauta da kuka zo da wuri." Aka yi mini allura. Ba a jima ba wuya ya saki. Abin da na fara gani ƙafafuna ne, kowace da takalminta daban.

Da harshe ya koma, na ce ni da ƙwaya har abada.

Ya ce, "In kika bari da kanki, muryoyin za su dawo. Maganin ba ɗaya ba ne, za mu nemo naki."

Ya canza mini wani. Wannan kuma barci ya riƙa sa ni, har wata mai ciniki ta tashe ni a kan atamfar da take so. Na koma na faɗa masa, ya rage, ya mayar da shan zuwa bayan isha'i. A hankali muka dace. Yau ina shagona, kuma duk muryar da na ji, da mai ita tsaye a gabana yana neman ragi.

Abin da na koya shi ne, in magani ya yi maka wani abu, kada ka zubar, kada ka yi shiru. Ɗauki kwalin ka koma wurin wanda ya rubuta.