Yarinyar da ta zama iska

Shekarun baya, lokacin ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Gurugu, akwai wata ɗalibata da ba ta ga maciji da hadari. Da gabas ta fara baƙi, sai a nemi yarinya a rasa. Ko jaka ba ta tsayawa ɗauka, sai gida. Kafin ta kai kuwa sai ta tsallaka babban titi, ga babura, ga kwanon rufi da iskar farkon damina ke jifa da shi ta ko'ina. Ran da na bi ta a guje da takalmi mai tsini, masu shaguna suka sha kallo, kuma ban kamo ta ba.

Na je na sami mahaifiyarta inda take sayar da nono. Ta ce, "Madam, bara iska ya kwashe rufin ɗakinmu, yarinya na ciki. Tun ran nan, in hadari ya taso, ba ta yarda da ɗaki." Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce kar ta ji tsoro har bakina ya gaji. A banza.

Da muka zo darasin iska, na sa kowa ya kawo kwali muka gina ƙananan gidaje, da ƙofa da taga da rufi. Ita ta ƙi taɓa komai, ta koma bayan aji ta naɗe hannu. Na aro fankar ofishin hedimasta ina ta ji da kaina. Ina jonawa aka ɗauke wuta. Sai faifai na karɓo wajen mai kokon bakin makaranta, na ce, "To, wa zai zama iska?"

Ita ta ɗaga hannu.

Da gidana ta fara. Nawa ne ya fi kyau, har fenti na yi masa, na bar ƙofa da taga a wangale don a ga ado. Fifita biyu, rufin ya tashi ya faɗi gindin allo. Aji ya kece da dariya, har da ita, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba in ana zancen iska. Na haɗiye kunyata na nuna musu yadda iska ke shiga ta ƙofa, ta rasa mafita, ta ɗaga rufi daga ciki. Muka rufe ƙofofin, muka ɗaure rufin da zare. Ta sake fifitawa har ta yi gumi, sannan ta durƙusa tana leƙen gidan. Ta ce, "Madam, ya ƙi tashi."

Ba a jima ba hadari na gaske ya taso muna tsakiyar darasi. Ta miƙe ta nufi ƙofa. Na zare takalmana a hankali, don wannan karon na yi niyyar kamo ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon waje, leda da ganye na ta tashi. Sai ta jawo ƙofar ta sa sakata, ta juyo ta daka wa manyan aji tsawa, "Ku rufe windo!" Daga nan ta zo ta riƙe zanena, ba ta sake shi ba har ruwan ya ɗauke.

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyarta ta kawo mini nono, wai ƙara ta kawo: yarinya ta hana babanta sakat sai da ya ɗaure rufinsu da waya.

Tsoron bai rabu da ita ba, kuma na daina neman ya rabu. Ashe abin da za ta yi da hannunta take nema, ni kuwa ina ta cika ta da magana. Har yau in hadari ya taso na tashi rufe taga, sai in ji daɗi ya kama ni, in tuna yadda na mayar da takalmana ƙafa ran nan ban yi gudu ba.