Gonar Mai Bishara

Ni ne na yi laifi, kuma ba na rashin sani ba. Ido biyu na yi shi, a gaban jama'a, da Littafi Mai Tsarki a hammatata.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bagwai da Tofa, inda gona ke manne da gona, ko kashin akuya ne ya faɗi a kan iyaka sai an kai magana gaban mai unguwa. Mu Kirista gidajenmu kaɗan ne a gefen gari, da 'yar majami'armu ta ƙasa mai rufin kwano. A bayanta akwai gona. Ba ta da girma, amma ta sha taki tun zamanin iyayenmu, ko ruwa ya yi rowa ba ta barin rumbu wayam. Tsarinmu shi ne duk wanda ake kira mai bishara, wato mai jagorar sujada a ƙauyen da babu fasto, shi ke cin gonar, tunda ba shi da albashi.

Ƙanen babana ne mai bishararmu. Ya rasu a farkon shekarun farin nan, lokacin da gero ke kaiwa gwiwa ya tsaya ya bushe. Ya bar matarsa, wadda nake kira Inna. Tare suka je makarantar Littafi, shi ya dawo da takardar shaida, ita ta dawo da karatun. Kowa ya san wa'azin da yake yi ranar Lahadi a gindin murhunta ake dafa shi ranar Asabar.

Yunwa ta kora maza cirani. Cikin dattawan ikilisiya, wato jama'ar majami'armu, ni kaɗai na rage, ba don ƙarfin bangaskiya ba, sai don ina da jaki ina dakon taki, kuma ƙafata ba ta son nisa.

Fasto mai kula da yankinmu ya zo a kan babur ɗinsa ya tara mu a gindin darbejiya, ya ce wa zai riƙe ikilisiya. Mata suka ce baki ɗaya, "Ga Inna."

Ya sosa ƙeya. "Tsarinmu bai san mace mai bishara ba. Amma idan dattawa sun yarda, sai mu ce riƙo take yi, ta ci gaba da cin gonar kafin mu ga abin da Allah zai yi."

Sai ya juyo ya dubi dattawa, wato ni.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne. A duk Littafin aya ɗaya na haddace ba gargada, wadda ta yi maganar mata su yi shiru a cikin taro. Ranar na gane dalilin da ya sa na haddace ta. Na miƙe na zuba ta da murya mai rawa, idona a sama kamar mai ganin mala'iku, zuciyata kuwa tana bayan majami'a tana zagaya gona. Fasto ya duba hagu ya duba dama bai ga wani mai gemu ba, ya ɗora mini hannu na zama mai bishara.

Ban bar Inna haka nan ba, ni ba azzalumi ba ne. Na kawo shawara a naɗa ta Uwar Zumunta, shugabar zumuntar mata. Suna ne mai daɗin faɗa, kuma ba ya cin ko taku ɗaya na ƙasa.

Ta ce, "Na gode, ɗana. Allah ya ba ka wuyan ɗauka."

Na ce amin da ƙarfi.

Lahadin farko na hau bagadi, wato dandamalin wa'azi, na karanta sura ina tuntuɓe a kan kalmomi. Da na gama na ɗaga kai, sai na tarar ba ni da abin faɗa. Gumi ya jiƙa mini riga. Can dabara ta zo, na ce, "Uwar Zumunta tana da sanarwa." Tana zaune a tabarma a ɓangaren mata, ba ta ko miƙe ba, ta ɗauki surar nan ta warware ta tsaf. Daga ranar abin ya zama al'ada. Ina iya rantsuwa mace ba ta taɓa wa'azi a majami'ata ba. Sanarwa kawai take yi, irin wadda ke sa tsofaffi share ido da bakin zane. Ita ke duba marasa lafiya, ita ake tasa idan haihuwa ta yi gardama. Ni kuma in an gama komai sai in ɗaga hannu in sa albarka, aikin da ba ƙaramin gajiyar da kafaɗa yake ba.

Akwai wani maƙwabcinmu Musulmi, mahauci, mai yawan tsokana. Duk inda ya gan ni sai ya ce, "Mai Bishara, ina Malamarku? A gaishe min da ita."

"Uwar Zumunta dai, Malam."

"To, ku kuka san sunayenku. Mu dai wanda ke karantarwa shi muke ce wa malam."

Da damina ta faɗi, matan zumunta suka fito gayya a gonar mai bishara kamar yadda aka saba. Inna ce a gaba da fartanya, a gonar da ta yi shekaru tana ci. Ni ina inuwa ina sa ido kada a bar ciyawa. Da kaka na cika rumbu, a shekarar da mutane ke dafa dusa da ganyen tafasa. Inna ba ta da wata gona, ɗan abin da mijinta ya gada tuni 'yan'uwansa suka haɗe da nasu, har da babana. Na aika mata 'yan dammunan gero. Don kada alherin ya ɓace a banza, ranar Lahadi na faɗa daga kan bagadi cewa mai bishara ya taimaki gwauraye, na ce ta miƙe jama'a su gan ta. Ta miƙe.

Geron bai kai ta ko'ina ba. Sanyi na wucewa ta ɗaure kayanta za ta wajen 'yarta da ke aure kusa da Watari, inda ruwan dam ya sa ake noman rani, a samu aikin tsinkar tumatir a gonakin mutane. Na same ta a ƙofar gida, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, to wa zai riƙa yin sanarwa?"

"Ai sanarwa ce kawai, ɗana. Kowa ma zai iya."

Na gwada. Wa'azina ya zama magani ga masu fama da rashin barci. Mata suka fara samun ciwon kai duk Lahadi. Sai wata tsohuwa a cikinmu ta kwanta ciwon ajali, ta ce a kira mata mai bishara. Na je da sauri na durƙusa a gefenta na ce, "Ga ni, Gwaggo."

Ta buɗe ido ɗaya. "Kai ne? Mai bishara na ce, ban ce mai gona ba."

Da 'yar guntuwar addu'ata ta tafi, don ita kaɗai ke akwai.

Zan so in ce a ranar na tuba. Ban tuba ba, na sake shuka gonar. Amma wannan karon ba macen da ta fito gayya, kuma lamirina ya farka ne daidai lokacin da ciyawa ta kere gero tsawo. Na je wajen Fasto na ce a mayar wa Inna. Ya ce sunan mai bishara dai har yanzu ba shi da ikon ba ta. "Gonar kuwa, tun ranar na buɗe ƙofa, bakinka ne ya rufe."

Da rani na hau jakina zuwa Watari. Na same ta a sunkuye cikin tumatir tare da 'yan ƙwadago, zanenta ya yi mata yawa. Ta ɗago, ta kare rana da hannu.

"Mai Bishara da kansa? Wa ya mutu?"

Na sauka na durƙusa a cikin laka, mutane suna kallo. Na ce, "Inna, ba Allah na tsaya wa ba ranar nan, gona na gani. Na san ba ki da abin ci in an karɓe ta, na sani sarai, kuma na karɓa. Aikin naki ne, ni na ci ladansa, har na tsayar da ke a gaban jama'a a kan geron da ke da kanki kika nome. Na sauka daga bagadi, gonar tana jiran ki. In kin ƙi dawowa ban ga laifinki ba. Ki yafe mini, Inna."